Tambaya da Amsa: Shuka Ganyayen Ƙamshi a Tukwane a Cikin Gida

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo daga masu ƙoƙarin shuka ganyayen ƙamshi na girki suke, waɗanda ba su da gona ko lambu sai baranda, tsakar gida ko bakin taga. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na shuka ɗoɗɗoya da na'a-na'a a cikin bokitan roba, ina ba su ruwa safe da yamma ba fashi, amma ganyen ƙasa yana komawa rawaya yana zubewa, kuma shukar tana yin yaushi kamar mai jin ƙishirwa. Na ƙara ruwan, abin ya ƙara muni. Me ke faruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika bayyana alama ce ta yawan ruwa, kuma shi ne abin da ya fi kashe shukar tukunya a hannun mutanen da suka fi kula da ita. Saiwar shuka tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma tana samun iskar ne daga ƴan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika waɗannan gurabe ya zauna na kwanaki, ƙananan saiwoyin da ke tsotsar ruwa sai su mutu su ruɓe, daga nan kuma shukar ba ta iya shan ruwan da ke kewaye da ita. Shi ya sa take yin yaushi alhali ƙasarta sharkaf take, shi ya sa kuma ƙarin ruwan da kika yi ya tsananta cutar.

Abu na farko da za ki duba shi ne gindin bokitin. Idan babu huji, ki huda shi a wurare huɗu ko biyar, kowane huji ya kai faɗin ɗan yatsa ƙarami, sannan ki ɗora bokitin a kan bulo ko duwatsu biyu yadda ruwa zai fita ba tare da ƙasa ta toshe masa hanya ba. Idan kina ajiye faranti a ƙarƙashinsa don kada ruwa ya ɓata daɓe, ki riƙa zubar da abin da ya taru bayan kamar rabin awa. Akwai wata shawara da ta bazu sosai, cewa a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya tsane. Ba na goyon bayanta, domin ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa cikin tsakuwa sai ƙasar ta cika maƙil, saboda haka tsakuwar tana rage wa saiwa wurin zama ne kawai, tana kuma matso da jiƙaƙƙen ɓangaren kusa da ita. Ɗan guntun fasasshen kasko ko yankin raga a kan hujin ya isa ya hana ƙasa zubewa.

Na biyu shi ne ƙasar da ke ciki. Ƙasar da aka ɗebo daga fili aka zuba ita kaɗai a tukunya takan danƙare bayan an yi ta ba ta ruwa, musamman idan tana da laka, domin a tukunya babu tsutsar ƙasa ko tururuwa da za su riƙa buɗa ta. Haɗin da ya dace da yawancin waɗannan ganyaye shi ne kashi ɗaya na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai har ya koma baƙi ba ya wari, da kashi ɗaya na yashi mai manyan ƙwayoyi ko buntun shinkafa. Hanyar gwada shi mai sauƙi ce: ki jiƙa shi kaɗan, ki dunƙula a hannu, idan ya dunƙulu amma ya wargaje da zarar kin taɓa shi da yatsa, to ya yi daidai.

Game da ban ruwa kuma, ki daina bin agogo. Ki sa yatsa a cikin ƙasar zuwa zurfin santimita 2 ko 3, idan kin ji danshi ki bari sai gobe, idan kuma ta bushe ki ba ta ruwa a hankali har sai ya fara fita ta ƙasa. Ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya fi ƴar yayyafa ta kullum, domin yayyafar saman ƙasa kawai take jiƙawa, saiwa kuma ta taru a nan inda zafi ya fi yi mata illa. A tsananin zafi ƙaramar tukunya na iya buƙatar ruwa kowace rana, a lokacin sanyi ko ruwan sama kuma tana iya yin kwanaki ba ta buƙata. Tukunyar ƙasa tana fitar da danshi ta jikinta, don haka tana bushewa da wuri, ita kuwa roba tana riƙe ruwa.

Su kuma shukokin da ke hannunki yanzu, ki zare ɗaya daga bokitin ki duba saiwarta. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi, wadda ta ruɓe kuwa tana yin duhu da laushi, tana kuma wari. Idan da sauran fara, ki yanke ruɓaɓɓen ɓangaren, ki rage ganyen, ki sake dasawa a sabuwar ƙasa, ki ajiye a inuwa na ƴan kwanaki. Idan duk ta tafi, ki yanki kan reshen da ke da sauran lafiya ki sa a ruwa, domin ɗoɗɗoya da na'a-na'a duk suna fitar da sabuwar saiwa ta wannan hanya.

Tambaya: Malam, ban taɓa shuka komai ba, kuma barandata ba ta samun rana sai da hantsi. Da wanne zan fara, kuma wace irin tukunya zan nema?

Amsa: Malam, kafin ka nemi iri ko tukunya, ka ba da rana guda kana lura da awa nawa hasken rana ke sauka kai tsaye a wurin. Yawancin ganyayen ƙamshi suna son awa 6 ko fiye, musamman rozmari, tayim da ɗoɗɗoya. Na'a-na'a, fasli, koriyanda da albasa mai lawashi kuwa suna wadatuwa da awa 3 zuwa 4, kuma ranar hantsi irin taka ta fi yi musu daɗi a kan ranar azahar mai ƙona ganye. Saboda haka ina ba ka shawara ka fara da na'a-na'a da albasa mai lawashi. Ita albasar ba ta ma buƙatar iri: idan aka yanke ganyenta don girki, gindin da ke da saiwa, mai tsawon santimita 3 ko 4, ana dasa shi a ƙasa mai danshi, cikin ƴan kwanaki zai fara fitar da sabon ganye, kuma za a iya yanka sau da dama kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Tukunya mai zurfin santimita 20 ta ishi na'a-na'a, tayim da albasa. Fasli da koriyanda suna da doguwar saiwa guda da ke nutsewa ƙasa, don haka suna son santimita 25 zuwa 30, haka ma rozmari wanda ke girma ya zama ɗan itace. Ƙananan gwangwanaye suna da kyan gani a bakin taga, amma ƙasarsu kan bushe cikin ƴan awanni, kuma sun fi ba sabon mai shuka wahala. Duk mazubin da ka samu zai yi aiki muddin an huda shi, sai dai ka guji wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari, fenti, baƙin mai ko wani sinadari a ciki, domin ganyen da za ka samu cinsa za a yi, sau da yawa ma ɗanye. Idan baƙar roba ce, ka kāre jikinta daga rana da kwali ko tsumma, domin tana ɗaukar zafin da ke dafa saiwar da ke jingine da ita.

Tambaya: Na haɗa na'a-na'a, rozmari da tayim a babban baho guda. Na'a-na'ar ta mamaye ko'ina, sauran biyun kuma suna bushewa.

Amsa: Hajiya, waɗannan ba abokan zama ba ne. Na'a-na'a tana yaɗuwa ta hanyar rassan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa suna tsirowa a duk inda suka kai, kuma tana son ƙasa mai danshi a kowane lokaci. Rozmari da tayim kuwa asalinsu daga ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, inda suke fitowa a busassun tuddai masu duwatsu, don haka ruwan da ke faranta wa na'a-na'a rai shi ne ke ruɓar da su. Ki fitar da na'a-na'ar ki ba ta tukunyarta ita kaɗai, kuma sau ɗaya a shekara ki zare ta, ki raba dunƙulen saiwar gida biyu ko uku, ki sake dasa kashi ɗaya a sabuwar ƙasa, in ba haka ba tsakiyarta zai mutu ganyen ya ƙanƙance. Rozmari da tayim za su iya zama tare, a ƙasar da aka ƙara wa yashi, a wurin da ya fi ko'ina rana, ana barin ƙasar ta bushe sosai tsakanin ban ruwa da ban ruwa.

Tambaya: Malam, koriyandar da na shuka ba ta daɗe ba ta miƙe sama ta yi fure, ganyenta ya koma siriri. Shi kuma irin fasli na yi mako biyu ina jira bai tsiro ba. Ko irin ne ba shi da kyau?

Amsa: Mai yiwuwa irinka lafiya lau yake, Malam, halin shukokin ne ka ci karo da shi. Koriyanda shuka ce mai gajeren rai wadda ke son sanyi-sanyi, kuma da zarar ta ji zafi ko ƙishirwa ko an taɓa saiwarta, sai ta bar yin ganye ta gaggauta yin fure da iri. Idan ta fara hakan babu abin da zai mayar da ita baya, yanke furen ƴan kwanaki kawai yake ƙara mata. Dabarar ita ce a shuka ta kai tsaye a tukunyar da za ta zauna ba tare da dashe ba, a lokacin da ya fi sauƙin zafi a shekara, a wurin da take samun inuwa da rana tsaka, sannan a riƙa shuka sabuwar tukunya duk bayan mako 2 ko 3 domin idan wata ta tsufa wata ta taso. Abin da muke kira ƙwayar koriyanda ɗan ƙwanso ne da ke ɗauke da iri biyu, kuma idan aka murza shi a hankali ya rabe kafin a shuka, yakan fi saurin tsirowa. Wadda ta riga ta yi fure kada ka tumɓuke ta: ka bar ƙwayoyin su nuna su bushe, ka samu kayan ƙamshi da kuma irin shuka na gaba.

Fasli kuwa sananne ne wajen jinkirin tsirowa, yakan ɗauki mako 3 zuwa 4, wani lokaci har 6. Jiƙa irin a ruwa mai ɗumi ya kwana yana rage jiran. Ka rufe shi da ƙasa kaɗan, kimanin rabin santimita, kada kuma ka bari saman ƙasar ya bushe a duk tsawon wannan lokaci, domin irin da ya fara motsi sannan ya bushe ya mutu ke nan. Idan ya kafu zai ba ka ganye na tsawon shekara, a shekara ta biyu ne yake yin fure ya ƙare. Wajen tsinka, ka riƙa yanke na gefe tun daga gindi, ka bar na tsakiya inda sabon ganye ke fitowa.

Tambaya: Ɗoɗɗoyata ta yi tsayi da kara guda, ganye kaɗan. Na zuba mata takin zamani, ta yi ganye manya-manya kore shar, amma ƙamshin ya ragu ƙwarai. Ina na kuskure, Malam?

Amsa: Malama, abubuwa biyu ne a nan, kuma dukansu suna da magani. Kara guda mai tsayi yana zuwa ne daga ƙarancin haske ko kuma daga rashin yanka, kuma na lura mutane da yawa suna tausaya wa shukarsu, suna tsinkar manyan ganyen ƙasa ɗaya bayan ɗaya suna barin kan. Wannan tausayin yana cutar da ita. Kan reshe yana fitar da wani sinadari da ke hana ƴan idanun da ke hammatar ganyen ƙasa tohowa, kuma muddin kan yana nan, shukar sama kawai za ta yi ta tafiya. Da zarar ta kai tsayin santimita 15 ko ta yi jerin ganye uku zuwa huɗu, ki yanke kan daidai saman inda ganye biyu suke fuskantar juna. Daga wannan wuri rassa biyu za su fito, idan su ma suka yi tsayi ki yi musu haka, sai ki ga shukar ta buɗe ta cika. Duk furen da ya leƙo ki tsinke shi, sai fa idan iri kike so, domin shukar da ta shiga yin iri tana rage yin ganye, wanda ya rage kuma yana yin tauri. A kowane yanka kada ki ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen, kuma lokacin da ya fi shi ne da safe bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Kawunan da kika yanke masu tsawon santimita 10 kina iya cire musu ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa, kina sauya ruwan duk bayan kwana 2, cikin mako 1 zuwa 2 za su yi saiwar da za a dasa.

Shi kuwa ƙamshi, daga wani mai yake fitowa wanda shukar ke tarawa a cikin wasu ƙananan ƙulluttai a jikin ganye, shi ya sa idan kika murza ganyen yake tashi. Takin da ke da sinadarin naitirojin da yawa yana sa ganye ya yi saurin girma ya cika da ruwa, man kuma ba ya ƙaruwa daidai da girman, sai ƙamshin ya tsinke. Ƙarancin rana ma yana kawo haka. Wannan ba yana nufin a hana shukar tukunya abinci ba ne, domin duk ban ruwa yana wanke wani abu daga ƴar ƙasar da take da ita. Tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a saman ƙasa duk wata guda ko wata ɗaya da rabi ya ishi ɗoɗɗoya, na'a-na'a da fasli, idan kuma takin ruwa na kanti ne, a yi amfani da rabin ma'aunin da aka rubuta a jikinsa. Rozmari da tayim ba su buƙatar ko rabin wannan. Ɗanyen kashin dabbobi ko na kaji kada ya kusanci waɗannan tukwane, saboda yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke iya fantsama kan ganyen da za a ci ba a dafa ba. Idan kika ga farin ɓawo kamar gishiri a saman ƙasa ko bakin tukunya, ragowar taki ce da ta taru, sai ki kankare ta ki kwarara ruwa mai yawa ya ratsa ya fita ta ƙasa.

Tambaya: Wasu ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganyen shukokina, ganyen yana nannaɗewa yana danƙo, tururuwa kuma na hawa da sauka. Zan iya fesa maganin sauro ko na gona?

Amsa: Kada ki yi haka, ƴar'uwa, ina roƙonki. Maganin sauro na gida ba a yi shi don abin da za a ci ba, na gona kuma yana da ƙa'idar kwanakin da dole a jira kafin girbi, wadda ba ta dace da ganyen da ake tsinka kullum ba. Ƙwarin da kika gani darɓa ce, tana tsotsar ruwan jikin shuka tana fitar da wani ruwa mai zaƙi, shi ne danƙon da kike ji, shi ne kuma tururuwa ke bi har tana kāre darɓar daga ƙwarin da ke cinta. A ƴan tukwane kaɗan hannu da ruwa sun wadatar. Ki yanke rassan da suka fi kamuwa ki jefar da su nesa, ki kishingiɗar da tukunyar ki wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi. Idan sun dawo, ki narka cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa marar turare kuma marar sinadarin wanke tabo a cikin lita ɗaya ta ruwa, ki fesa da yamma a sama da bayan ganye, ki ɗauraye da safe, ki maimaita bayan kwana 5 zuwa 7. Sabulun yana kashe wanda ya taɓa ne kawai, shi ya sa ake maimaitawa. Yana da kyau ki fara gwadawa a ganye biyu ko uku ki jira kwana guda, domin wasu shukoki ba sa jure shi. Man dalbejiya da aka gauraya da ruwa da ɗigon sabulu ma yana aiki a kan darɓa da farin ƙuda, wani ƙaramin ƙwaro da shi ma ke tsotsar ganye, sai dai yana da ɗaci da wari, don haka a jira ƴan kwanaki a wanke ganyen sosai kafin a yi amfani da shi. Ki kuma ba tukwanen tazara yadda iska za ta ratsa tsakaninsu, ki riƙa zuba ruwa a gindi maimakon kan ganye, domin cunkoso da laima su ne ke kawo farar funfuna.

Tambaya: Malam, ɗanyar cittar da na ajiye a kicin ta fara tsiro. Za ta yi a tukunya?

Amsa: Za ta yi sosai, Baba, sai dai tana buƙatar haƙuri. Ka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa mai tsawon santimita 4 ko 5 da ido ɗaya ko biyu, ka bar su kwana 1 ko 2 a inuwa wurin yankan ya bushe don kada ya ruɓe. Citta a kwance take yaɗuwa, saboda haka faɗin mazubi ya fi zurfinsa muhimmanci: baho mai faɗin santimita 30 zuwa 40 da zurfin santimita 25 zai ɗauki gunduwa biyu ko uku. Ka binne su kimanin santimita 4, idon yana kallon sama, a ƙasa mai taki da sassauci, ka ajiye a wuri mai ɗumi da ke samun ranar safe da inuwar yamma. Ruwa kaɗan za ka riƙa ba ta har sai ta fito, abin da kan ɗauki mako 2 zuwa 4 ko fiye, daga nan ka ƙara, kana ɗan tara mata ƙasa a gindi duk lokacin da ka ga saiwar ta leƙo waje. Bayan wata 4 ko 5 kana iya tona gefe ka ɓalli kaɗan ka mayar da ƙasa, amma cikakken girbi sai bayan wata 8 zuwa 10, lokacin da ganyen ya koma rawaya ya fara bushewa. A lokacin sai ka daina ban ruwa na kamar mako 2, ka kife bahon, ka ware gunduwoyi masu idanu masu kyau don shuka ta gaba. Kurkum ma haka ake yi masa, kuma tsawon lokacinsa kusan ɗaya ne da na citta.